Birkin Faifai Mai Aiki da Mai a Keken Hawan Duwatsu

Birkin faifai mai aiki da mai nau'in birki ne da ake ɗaura wa kekunan hawan duwatsu, wanda man da ke cikin tiyo ke ɗaukar ƙarfin yatsan mahayi daga hannun birki ya kai shi ƙafar keke, maimakon wayar ƙarfe irin ta tsofaffin kekuna. Ya fara yaɗuwa ne a ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan kamfanin Hayes na Amurka ya fito da nasa a 1997. Abin da ya sa ya samu karɓuwa shi ne faifan yana tsakiyar ƙafa, nesa da laka da ruwan da kan hana birkin rim, wato mai matse gefen ƙarfen da taya ke zaune a kai, kamawa.

Yadda yake aiki

Tushensa ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: idan aka matsa ruwan da ke rufe a cikin mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai. Idan mahayi ya ja hannun birki, wani ƙaramin fistin yakan tura mai cikin tiyo zuwa muƙamuƙin birki, inda manyan fistin biyu ko huɗu ke tura takalman birki su ciji faifai. Da ya saki, robar da ke kewaye da kowane fistin ita ke janyo shi baya kaɗan. Yayin da takalman ke cinyewa, fistin ɗin na ƙara fitowa da kansa, mai daga ƙaramin tankin da ke hannu ya cike gurbin. Faɗin faifai yakan kasance milimita 160 ko 180 ko 203, kuma babba ya fi kamu da jure zafi.

Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. A kan wannan bambanci da yawa daga cikin matsalolin birkin nan suka rataya.

Man birki

Iri biyu ne, kuma ba a haɗa su. Shimano da Magura da Tektro suna amfani da man ma'adinai. Hope da Hayes da yawancin birkunan SRAM na da suna amfani da man DOT, irin man birkin mota, wato DOT 4 ko DOT 5.1, ko da yake SRAM ta fito da wasu masu man ma'adinai daga baya. An yi robobin kowane birki ne don irin mansa, saboda haka zuba wanda ba nasa ba yana kumbura su, sai an sauya su gaba ɗaya. DOT 5 kuwa, duk da kamannin suna, na silikon ne, ba ya shiga ko ɗaya daga cikinsu.

Man DOT yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, amma idan ya sha ruwa mizanin yakan sauko zuwa wajen 155, shi ya sa ake sauya shi kamar sau ɗaya a shekara. Yana kuma cin fenti. Man ma'adinai ba ya gauraya da ruwa, sai dai ruwan da ya samu shiga yakan gangara ya taru a muƙamuƙi, wurin da ya fi ko'ina zafi, ya tafasa a digiri 100.

Gane matsala

Hannun birki da kunne su ne ke fara ba da labari. Idan hannun ya yi laushi kamar soso, kuma ya ɗan yi tauri in an yi ta jansa a kai a kai, iska ce ta shiga. Idan yana da tauri amma sai ya zo kusa da kan keke kafin ya kama, a fara duba takalman. Mutane da yawa kan garzaya cire iska alhali takalmi ne ya ƙare, kuma cika mai a wannan hali yana jawo wata matsalar: ranar da aka sa sababbin takalma, fistin ya ƙi komawa. Idan kuwa hannun yana nutsewa a hankali yayin da aka riƙe shi, akwai yoyo, ko dai a mahaɗar tiyo ko a robar fistin.

Ƙara mai tsanani tare da rashin kamu alama ce ta maiƙo. Ɗigo ɗaya na man sarƙa, ko feshin da aka yi kusa da ƙafa, ya isa. Faifai yana wankuwa da sifirit mai tsabta da ƙyalle marar maiƙo, amma takalmin da ya sha mai da wuya ya dawo daidai, ko an goge shi da sanfefa. Sauyawa ta fi sauƙi. Ƙarar da ake ji lokacin ruwan sama kawai ba laifi ba ce, takan ɗauke idan faifan ya bushe.

Gogayyar takalmi da faifai ba tare da an ja birki ba iri biyu ce. Wadda ba ta yankewa na nufin muƙamuƙin ya karkace: a sassauta kusoshinsa biyu, a ja birki a riƙe, sannan a ɗaure su bi da bi. Wadda ke zuwa sau ɗaya a kowane juyi na nufin faifan ya lanƙwashe, sai a miƙe shi a hankali da sifana mai tsabta. Wani lokaci fistin ɗaya ne ya maƙale saboda datti, ɗayan ke aikin duka.

A doguwar gangara zafi kan sa birki ya yi sanyin kamu. Riƙe shi ba saki ya fi tara zafi a kan kamawa da ƙarfi a saki.

Kulawa

Takalman iri biyu ne: na resin (wani irin ƙaro), masu shiru da saurin kamu amma masu saurin cinyewa, da na garin ƙarfe, masu jure zafi da laka amma masu ƙara. Shimano ta ce a sauya takalmi idan naman da ke jikinsa ya ragu zuwa rabin milimita, faifanta kuma, mai kaurin milimita 1.8, idan ya kai 1.5. Akasari ana rubuta wannan iyaka a jikin faifan.

Sabon takalmi ba ya kamawa sosai sai an hore shi: a ɗauki gudu matsakaici, a ja birki har keken ya kusa tsayawa, a saki, a maimaita sau goma zuwa ashirin. Hakan yana shafa siririn naman takalmi a kan faifai.

Wajen cire iska, ana fara cire takalman a sa toshe tsakanin fistin, sannan a tura sabon mai da sirinji daga ƙasa zuwa sama, tunda kumfa sama take nufa. Birkunan Shimano suna amfani da ɗan mazurari a hannun birki, na SRAM kuma sirinji biyu. Idan an cire ƙafar keke ba a jan birki, domin takalman za su haɗe. In hakan ta faru, ana raba su da abu mai faɗi na roba, ba da sukudireba a kan fistin ba, domin wasu fistin ɗin na tangaran ne, suna tsagewa.