Ma'anar tamodainamik: ina fetur ɗin da ka zuba wa janareto yake tafiya?

Idan janareto ya yi awa biyu yana aiki, kai hannunka kusa da salansa, kada dai ka taɓa, ka ji hucin da ke fita. Wannan hucin fetur ɗinka ne, wanda ka biya da kuɗinka a gidan mai, yake bin iska. Ilimin da ke bayyana dalilin haka shi ake kira tamodainamik. Kalmar daga Girkanci ta fito, an haɗa kalmar zafi da ta ƙarfi, wato ilimin yadda zafi ke zama aiki da yadda aiki ke komawa zafi.

Dokarsa ta farko ta ce makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya kuma ɓacewa, kamanni kawai yake sauyawa. James Joule na Ingila ya nuna haka a shekarun 1840: ya ɗaure nauyi da igiya, nauyin na sauka yana juya wasu filafilai a cikin ruwa, sai ya auna ya ga ruwan ya ɗan yi ɗumi daidai da aikin da aka yi. Haka fetur yake ƙonewa ya zama zafi, zafin ya tura fistan, juyawar inji ta zama lantarki.

Wannan doka kaɗai ta isa amsa ga masu tallar "janareto mara mai" a Facebook. Dabarar kusan kullum iri ɗaya ce: batir ya juya wani ƙaramin inji mai aiki da lantarki, injin ya juya dainamo, wato na'urar da ke samar da wuta, dainamon ya sake cajin batirin, har wai a samu rarar kunna fanka da talabijin. To rarar daga ina? Kowace waya tana ɗumama, kowane bel yana gogawa, abin da ya koma batir bai taɓa kai wanda ya fita ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun 1775 Kwalejin Kimiyya ta Faransa ta daina karɓar irin waɗannan injuna don dubawa, saboda ta gaji da su.

Doka ta biyu ce ta fi ciwo. Ka ajiye shayi a tebur, hucewa zai yi, ba ka taɓa ganin ya zuƙo zafin ɗaki ya tafasa da kansa ba. Zafi daga mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi, kuma a cikin wannan gangarar ne inji yake tsintar aikinsa. A 1824 wani matashin injiniyan Faransa, Sadi Carnot, yana nazarin injin tururi, ya gano cewa dole kowane inji mai aiki da zafi ya zubar da wani kaso na zafin, komai gwanintar maƙerinsa. Iyakar abin da zai iya mayarwa aiki ta dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin wutarsa da sanyin inda yake zubar da sauran. Misali tururi mai digiri 500 a ma'aunin Celsius a wurin da yanayi ke digiri 30, ko da inji ne marar aibu ko ɗaya, ba zai wuce kashi 61 cikin 100 ba. Na gaskiya kuwa ƙasa yake da haka sosai. Injin motar fetur yakan tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 35, sauran lagireto da salansa ne ke kwashewa. Ƙaramin janareton gida ma bai kai nan ba. Shi ya sa wutarsa take cin aljihu haka.

Daga nan ake gane bambancin hanyoyin samar da wuta. Tsohuwar tashar kwal kusan kashi ɗaya cikin uku take mayarwa lantarki. Tashoshin gas na zamani sun yi wayo, suna tare hucin da injin farko ya fitar su dafa ruwa da shi, tururin ya juya inji na biyu, sai su kai wajen kashi 60. Madatsun ruwa irin Kainji da Shiroro kuwa ba sa ƙona komai, nauyin ruwa ne ke juya injin kai tsaye, don haka iyakar Carnot ba ta hau kansu ba, injin ruwa mai kyau yana kai kashi 90. Faifan sola na kasuwa wajen kashi 20 na hasken rana yake kamawa, kuma idan ya gasu da rana ƙarfinsa raguwa yake yi, abin da masu sola kan lura da shi a watan Afrilu.

Ni a ganina asarar da ta fi yawa a gidajenmu ba a janareto take ba, a madafa take. Dubi murhun duwatsu uku da yamma: harshen wuta na lasar gefen tukunya yana fita, iska na kaɗa shi, mai girki na ja da baya tana share gumi. Abin da ke shiga tukunyar bai fi kashi 10 zuwa 15 na zafin itacen ba. Murhun da aka kewaye da laka, aka bar masa ƙofa ɗaya, aka kuma rufe tukunya da murfi, tuwon nan dai zai dafa, da itacen da bai kai na da ba.