Ciwon Farce a Jikin Yara

Ciwon farce kumburi ne da ke kama fatar da ta kewaye farce, wanda wasu ke kira ƙumba ko akaifa, kuma idan ya tara ruwa a kan yatsa yana zogi akan ce masa karkare. Mafi yawansa ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus ce ke haddasa shi, tana shiga ta ɗan tsagin da cizon farce, tsotson yatsa ko yanka mai zurfi ya bari. A Katsina da Daura hunturu yana ƙara buɗe wannan ƙofa, domin fatar gefen farce takan bushe ta tsage, yaro kuma ya yi ta ɓantarar ta da haƙori.

Muddin wurin ja ne kawai bai tara mugunya ba, ana tsoma yatsan a ruwan ɗumi mai tsabta na minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a rana, a tsane shi sosai. Idan mugunya ta taru, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya buɗe ta, wani lokaci ya haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Huda wurin da allura a gida, ko cusa yatsan cikin lemun tsami, ko shafa kananzir, ba ya kashe cutar, sai dai ya ƙara ƙona fatar. Akwai kuma nau'in da ke fitowa da ƙananan ƙuraje masu ruwa, wanda ƙwayar herpes, mai haddasa ƙuraje a leɓe da baki, ke kawowa daga bakin yaro mai tsotson yatsa. Shi ba a tsaga shi sam.

Zazzaɓi, jan layi da ya nufi hannu, ko kumburin da ya mamaye yatsa duka, dalilai ne na zuwa asibiti a ranar, haka ma duk ciwon farce a jikin jariri. Kumburin yatsun hannu da ƙafa ga ƙaramin yaro ba tare da rauni ba yana iya zama alamar sikila.

Farcen da ya yi kauri ya sauya launi galibi dangin makero ne, kuma ba kasafai yake kama yara ba. Warkewarsa tana jan lokaci, tunda farcen hannu kimanin milimita 3 yake tsirowa a wata, na ƙafa kuma yakan kai shekara kafin ya sabunta. Farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi don kada gefensa ya nutse cikin nama, kuma almakashin masu yankan farce na kasuwa, da yake bin yatsun mutane da yawa, bai dace da yaro ba.