Waiwaye: Ciwon Hanta, Sirinji, da Mutanen da Aka Daɗe Ana Ce Wa Su Jira

A shekarar 1984, wani kantin magani a tsakiyar birnin Amsterdam na ƙasar Holan ya daina sayar da sirinji ga masu yi wa kansu allurar ƙwaya. Waɗanda suka fara ɗaga murya ba likitoci ba ne, su masu ta'ammali da ƙwayar ne da kansu, ta hannun ƙungiyarsu mai suna Junkiebond. Sun san abin da zai biyo baya: sirinji ɗaya zai riƙa zagaya mutum biyar, shida. Hukumar lafiya ta birnin ta yarda ta ba su sababbi, a kawo tsoho a karɓi sabo. Mutane da yawa sun ɗauka cutar ƙanjamau ce ta haifar da wannan tsari, amma abin da suke gudu a lokacin shi ne ciwon hanta nau'in B.

Dalilin da ya sa ciwon hanta ya maƙale wa masu allurar ƙwaya ba ɓoyayye ba ne. Nau'in B da na C ta jini suke bi, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Ƙwayar cutar C tana iya yin kwanaki, har makonni, da ranta a cikin sirinjin da aka yi amfani da shi. Ba allurar kaɗai ba: cokalin da aka narka ƙwaya a ciki, 'yar audugar tacewa, ruwan da kowa ya tsoma nasa sirinjin, duk hanya ce. Ga shi cutar ba ta da hayaniya. Mutum zai yi shekara ashirin yana harkokinsa garau, sai ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, a ce shawara ce, a nufi mai maganin gargajiya, alhali hanta ta riga ta ƙanƙance.

Baruch Blumberg ne ya gano alamar nau'in B a 1965. Na C kuwa ya wahalar da masana. Tun shekarun 1970 Harvey Alter ya lura masu karɓar ƙarin jini suna kamuwa da ciwon hantar da ba A ba ne ba kuma B ba, amma sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka kama ƙwayar cutar. Kafin a sa mata suna ta riga ta yi kaka-gida a tsakanin masu allura.

Birnin Edinburgh na Sikotland ya nuna abin da kan faru idan aka bi hanyar da ta saɓa wa ta Amsterdam. A farkon shekarun 1980 'yan sanda sun matsa wa masu sayar da sirinji, suna ƙwace wanda suka gani a hannun matasa. Ƙwaya ba ta ragu ba, sirinji ne ya ragu. Ciwon hanta nau'in B ya ɓarke. Daga baya da aka koma kan jinin da aka ɗiba aka ajiye, sai aka tarar kusan rabin masu allurar da aka gwada a wata unguwar sun kamu da ƙanjamau. An je kashe maciji an rushe ɗaki.

Da magani ya samu kuma, sai aka shiga wani sabon babi na wariya. Maganin farko na nau'in C allurar intaferon ce, daga baya aka haɗa ta da ƙwayar ribabirin. Wata shida zuwa shekara ana fama da zazzaɓi, kasala da baƙin ciki mai tsanani, sannan a irin C ɗin da ya fi taurin kai kusan rabi ne kawai ke warkewa. A 1997 taron ƙwararru na cibiyoyin binciken lafiya na Amurka ya ba da shawarar kada a ba mai ta'ammali da ƙwaya maganin sai ya yi aƙalla wata shida da dainawa. An sassauta a 2002, amma tunanin ya riga ya zauna a asibitoci: ba za su sha magani a kan ƙa'ida ba, kuma ko sun warke za su sake kwasowa, tunda warkewa daga C ba ta ba da kariya.

A Disambar 2013 aka amince da sabon maganin nau'in C mai suna sofosbubir a Amurka. Ƙwaya ce ta haɗiya, mako 12, kuma idan aka haɗa ta da 'yan uwanta fiye da mutum 9 cikin 10 suna warkewa sarai. Sai dai kamfanin Gilead ya sa mata dala 84,000, wato dala dubu kowace ƙwaya. Jihohin Amurka da dama, don rage kashe kuɗi, suka farfaɗo da tsohon sharaɗin: sai ka kawo shaidar ka bar ƙwaya da giya. A ganina an fake da guzuma ne don a harbi karsana; kuɗi ake ji, aka laƙa wa hali.

Ostareliya ta ƙi bin wannan layi. Daga Maris 2016 ta buɗe maganin ga duk baligi mai cutar, har da fursunoni da wanda ya yi allura da safiyar ranar. Binciken SIMPLIFY da aka buga a 2018, wanda aka yi a kan mutanen da suka yi allurar ƙwaya dab da lokacin binciken, ya samu kashi 94 cikin ɗari sun warke. Hujjar ta juye kenan: wanda ke cikin allura shi ne ya fi yiwuwar miƙa cutar ga na kusa da shi, saboda haka warkar da shi ya fi rage yaɗuwa. Yankin Tayside na Sikotland ya kai gwaji da magani har kantunan magani da wuraren karɓar sirinji maimakon jiran mutane a babban asibiti, kuma a 2020 ya sanar da cewa ya ci ƙarfin cutar.

Labarin Masar ya cancanci a ajiye shi kusa da wannan. Can ma sirinji ne ya yaɗa nau'in C, amma na hukuma: allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa ƙauyawa daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 da sirinjin gilashi da ba a dafa shi yadda ya kamata ba. Babu wanda ya ce waɗannan su suka jawo wa kansu. Ƙasar ta haɗa maganin a gida, farashi ya faɗo ƙasa da dala 100, ta gwada miliyoyin mutane daga 2018, kuma a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matsayin zinare a kan hanyar kawar da cutar. Cuta ɗaya, hanya ɗaya, amma kallon da aka yi wa mai ita daban.

A Najeriya alƙaluman farko masu nauyi sun fito ne a Janairun 2019, daga binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma kimanin 80,000 suna yi ta allura. Abin lura, galibi ba hodar ibilis ba ce, magungunan kemis ne na kashe raɗaɗi, irin su fentazosin da ake kira fenta. Wasu ma a gadon asibiti suka fara saninta, musamman masu sikila, har ta zama ba su iya wuni sai da ita. Ma'aikatan jinya sun san gyambon da take bari a cinya da damtse. Binciken ƙasa kan ƙanjamau (NAIIS) na 2018 kuma ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 nau'in C. Rigakafin B ya shiga jerin allurar jarirai a 2004, ke nan duk wanda aka haifa kafin nan bai same shi ta wannan hanya ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu. Tanzaniya ta fara ba da metadon, maganin da ke maye gurbin hiroyin, a asibitin Muhimbili a 2011. Senegal ta buɗe cibiyar kula da masu ta'ammali da ƙwaya, CEPIAD, a Dakar a ƙarshen 2014. Najeriya sai a 2020 ta gwada rabon sirinji mai tsabta, a jihohin Abiya, Oyo da Gombe. Burin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kafin 2030 kowane mai allura ya riƙa samun sirinji 300 a shekara. Idan aka buga da 80,000, sirinji miliyan 24 ke nan.

Dokar NDLEA kuwa, wadda ta samo asali tun 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama yana amfani da hodar ibilis, hiroyin ko makamantansu. Saurayin da ke zaune a kangon gini a bayan tasha ya san da wannan. Idan ma'aikacin lafiya ya zo masa da kwalin sirinji da abin gwajin jini na ɗan yatsa, tambayarsa ta farko ita ce: sunana fa, wa zai gani?