Dokar jan yanki a gindin dutsen Vesuvius: awa 72 don kwashe mutum dubu 700

Vesuvius, dutsen da ke gefen birnin Napoli a kudancin Italiya, ya ginu ne hawa-hawa: shimfiɗar narkakken dutse, sai ta toka, sai wata a kai, har ya kai tsayin mita 1,281. Irinsa idan mafitarsa ta daɗe a toshe, iskar gas kan taru a ciki, ranar da zai buɗe kuwa da fashewa yake buɗewa. Haka ya binne garin Pompei a shekara ta 79. A 1631 ya kashe mutum fiye da 3,000. Rabonsa da aman wuta tun watan Maris na 1944, kuma wannan dogon shiru ne ke damun masana.

Tsarin kwashe jama'a an gina shi ne a kan aman da ya kai girman na 1631. Umarnin da Firaministan Italiya ya sa wa hannu a Fabrairun 2014 ya faɗaɗa jan yanki, wato yankin da ya fi fuskantar haɗari, daga ƙananan hukumomi 18 zuwa 25, har da wasu unguwannin gabashin Napoli. Mazaunansa sun kai kusan 700,000. Abin tsoro a nan ba narkakken dutsen da ke malalowa a hankali ba ne. Guguwar toka da gas ce mai tsananin zafi, wadda ke gangarowa daga dutsen da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Ba a tsere mata, ɗaki ma ba ya kare mutum daga gare ta. Shi ya sa dokar ta tsaya a kan abu guda: a fita tun kafin aman ya fara.

Matakan gargaɗi huɗu ne: kore, rawaya, ruwan lemo da ja. Cibiyar sa ido ta Vesuvius, wadda aka kafa tun 1841, ita ke auna girgizar ƙasa, kumburin dutsen da sauyin iskar da ke fita, hukumar kare farar hula kuma ta yanke shawara bayan ta ji ta bakin kwamitin masana. A matakin ruwan lemo ake kwashe marasa lafiya daga asibitoci, a mayar da fursunoni wasu gidajen yari, wanda ke da wurin zuwa kuma ya tafi da kansa. Da an shiga ja, fita ta zama dole.

Ga yadda aka kasa awa 72 ɗin: 12 na farko na haɗa kaya da tsara hanyoyi ne, 48 na fitar jama'a bisa jadawali, 12 na ƙarshe an ajiye su ne saboda tsaiko. Mai mota ya bi hanyar da aka ware wa garinsa kawai. Marar mota ya je wurin jira na ƙaramar hukumarsa, bas ta kai shi mahaɗa a wajen yankin, daga nan jirgin ƙasa, jirgin ruwa ko bas ya wuce da shi. Kowane gari an haɗa shi da lardin da zai karɓi mutanensa: Pompei da tsibirin Sardiniya, Torre del Greco da Lombardiya.

Yankin rawaya, wanda ke wajen jan yanki, mai ƙananan hukumomi 63, matsalarsa nauyin toka ce. An shata iyakarsa ne a inda toka za ta iya kai kilo 300 a kan kowace murabba'in mita, nauyin da ke rusa rufi, balle in ruwan sama ya jiƙa ta. Su ba a kwashe su tun da wuri, sai an ga inda iska ta nufa da tokar.

Inda gizo ke saƙar shi ne cunkoso. Dokar Kampaniya, lardin da dutsen yake, mai lamba 21 ta 2003 ta hana gina sabbin gidajen zama a jan yanki, amma gidajen da aka riga aka gina ba bisa ƙa'ida ba suna nan, titunan tsofaffin garuruwan kuma ƙunci gare su. An taɓa ba iyalai tayin Yuro 30,000 don su ƙaura, kaɗan ne suka karɓa. Akwai kuma nauyin yanke shawara: in an yi gaggawar shelar ja, ana iya raba dubban iyalai da gidajensu tsawon makonni dutsen bai motsa ba, in an jira ƙarin tabbaci, awa 72 ɗin na iya gazawa.