Kyanwa: Basirar Zama da Mutane

Kyanwa, ko mage, wadda ake ce wa namijinta muzuru, ta samo asali daga kyanwar dajin Afirka. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500, aka tarar an binne mutum da kyanwa a gefensa. A gidajen Garwa, Marwa da Kuseri da ke arewacin Kamaru ana ajiye ta galibi don ɓerayen rumbu da na shago, shi ya sa ake yi mata kallon dabbar da cikinta kawai ta sani. Bincike bai goyi bayan wannan zato ba.

A 2019 Kristyn Vitale ta Jami'ar Jihar Oregon a Amurka ta bar kyanwoyi su kaɗai a baƙon ɗaki na minti 2, sannan aka dawo da masu su. Kusan kashi 65 cikin 100 hankalinsu ya kwanta da ganin mai su, suka ci gaba da zagaya ɗakin. A shekarar ce kuma Atsuko Saito a Japan ta nuna kyanwa na bambance sunanta da wasu kalmomi, ko da amsarta ba ta wuce motsa kunne ba.

Yawancin maganarta da jiki take yi. Wutsiya a miƙe sama gaisuwa ce. In ta goga kumatunta a ƙafar mutum, ƙanshinta take shafa masa daga wasu ƙananan gurabe da ke fuskarta, wato ta sa shi cikin nata. Lumshe ido a hankali alamar aminci ce, kuma wanda ya mayar mata da irinsa ya fi samun ta matso. Amma kaɗa wutsiya da ƙarfi, saɓanin kare, gargaɗi ne: kunnuwa su kwanta baya, ta yi huci, sai yakushi. Babu kyanwar Lami a irin wannan hali. Yara sun fi shan wannan, musamman in ta kwanta rigingine kusa da randa a zafin Afrilu suka kai hannu cikinta. Nuna ciki yarda ce, ba neman shafa ba ne.

Ɗan gurnanin nan mai taushi da take yi a maƙogwaro ma yana ruɗarwa. Tana yin sa cikin jin daɗi, tana kuma yin sa lokacin ciwo ko haihuwa.

Sabo da mutane yana kafuwa ne tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa. 'Ya'yan da aka haifa a bayan rumbu, hannu bai taɓa su ba a makonnin nan, da wuya su saki jiki daga baya. Duka kuma ba ya koya mata komai sai tsoron mai dukan.

Kyanwar da ta ɓuya, ta daina lasar jikinta, ta ƙi abinci fiye da kwana guda, likitan dabbobi take bukata. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.