Yaro na girma, kuɗin ciyarwarsa fa?

Ranar da alƙali ya yanke kuɗin ciyarwa, ko ranar da iyayen da suka rabu suka zauna suka daidaita a tsakaninsu, yaron wannan ranar ake yi wa lissafi. In shekararsa uku, buƙatun ɗan shekara uku aka auna. Shekara goma sai ta wuce, yaro ya kai kafaɗar babansa, takarda kuwa tana nan da adadin da aka rubuta mata tun farko. Uwa na kukan kuɗin ba ya kai ta tsakiyar wata. Uba na cewa bai taɓa saɓa abin da kotu ta ɗora masa ba. Kuma a mafi yawan lokuta dukansu gaskiya suke faɗa. Rigar ce aka ɗinka wa ɗan yaye, ake so saurayi ya ci gaba da sawa.

Zan riƙa cewa "uba" ga mai biya, "uwa" ga mai riƙo, don haka abin ya fi faruwa. Amma a dokokin ƙasashe da yawa, duk wanda yaro ba ya hannunsa shi ke biya, ko da uwa ce.

Mutane da dama na zaton jariri ya fi kowa cin kuɗi, da ya yi wayo kuma nauyi zai ragu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin reno na cin lokaci da ƙarfi, yana kuma hana mai riƙo fita neman na kanta. Sai dai in ana maganar kuɗin da ke fita daga aljihu, abin hawa yake yi, ba sauka ba. Ɗan shekara goma sha huɗu yana cin abinci kamar babba, wani lokaci ya fi babba. Suturarsa da takalminsa girman na manya ne, kuma bai daina girma ba balle su daɗe masa. Makarantar gaba da firamare ta fi tsada, ga littattafai, ga jarrabawa, ga kuɗin mota. Yara maza da mata da suke kwana ɗaki ɗaya sun kai lokacin raba makwanci, wato gida ma ya yi kaɗan. Masana tattalin arziki sun daɗe da sa wannan a lissafinsu. A ma'aunin da hukumomin ƙididdiga na Turai ke amfani da shi wajen kwatanta kuɗin shigar gidaje, babba na farko a gida ana ba shi maki 1, yaron da bai kai shekara 14 ba 0.3, wanda ya kai 14 kuwa 0.5, daidai da kowane babba na biyu a gidan.

To ina doka ta sa wannan hawan? Ƙasashe sun rabu a kan amsar.

Jamus ce ta fi fito da abin fili. Dokarta ta raba ƙuruciya mataki uku: daga haihuwa zuwa shekara 5, daga 6 zuwa 11, sai daga 12 zuwa 17. Akwai mafi ƙarancin abin da ya wajaba a biya wa yaro, kuma matakin tsakiya aka ɗauka ma'auni. Ƙaramin mataki na samun kashi 87 cikin 100 na wannan ma'aunin, na tsakiya kashi 100, babban kuma kashi 117. A shekarar 2025 hakan ya kama yuro 482 a wata ga ƙarami, 554 ga na tsakiya, 649 ga babba. Wato tsakanin ɗan yaye da ɗan sakandare akwai ƙarin da ya ɗan haura kashi ɗaya bisa uku, ba tare da albashin uba ya motsa ba. A kan wannan tushe babbar kotun birnin Dusseldorf take fitar da jadawalinta, wanda aka fara tun 1962, inda ake haɗa shekarun yaro da samun mai biya a ga adadin da ya dace. Jadawalin ba doka ba ne, jagora ne, amma kotunan ƙasar da shi suke aiki. Ana kuma cire rabin tallafin yara da gwamnati ke bayarwa daga abin da uban zai biya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nan ba adadin ba ne. Ana iya rubuta hukuncin da kaso maimakon tsayayyen kuɗi, a ce wane zai biya kashi kaza na mafi ƙarancin da doka ta sa wa matakin da yaron yake. Da haka, a farkon watan da yaro ya cika shekara 6 ko 12, kuɗin ya hau da kansa. Ba wanda zai koma kotu, ba wanda zai roƙi wani. Duk wanda ya san irin zafin da ke tsakanin mutum biyu da aure ya mutu a hannunsu ya san darajar a rage musu dalilin sake tsayawa gaban alƙali.

Ostareliya mataki biyu ta yi: yaran da ba su wuce shekara 12 ba, da waɗanda suka kai 13, kuma lissafin na biyun ya fi yawa.

Birtaniya kuwa ta bi wata hanya daban. Hukumar da ke lissafa kuɗin ciyarwa a can ba ta duba ko yaro jariri ne ko ɗan sakandare. Samun mai biya take dubawa kafin a cire haraji, sai yawan yara. A matakin da mafi yawan ma'aikata suke, yaro ɗaya kashi 12 cikin 100 ne, biyu kashi 16, uku ko fiye kashi 19. Tunanin shi ne yaro ya ci daga samun iyayensa gwargwadon yadda samun yake, in ya ƙaru ya ƙaru da shi. Ana sake duba lissafin duk shekara, kuma a tsakanin shekara ba a taɓa shi sai samun mai biya ya hau ko ya sauka da kashi 25 cikin 100. Tsarin na da sauƙin fahimta, amma a ganina ya bar giɓi. In albashin uba ya tsaya wuri ɗaya shekara goma, kuɗin ma ya tsaya, ƙarin tsadar da girman yaro ya kawo kuma sai ta faɗa kan mai riƙo ita kaɗai.

Akwai wani lissafi a cikin waɗannan kason da ke yawan haddasa rigima, kuma ba a Birtaniya kaɗai ba. A ce uba na samun fam 500 a mako, yana biya wa yara biyu. Kashi 16 ya kama fam 80. Babban ya gama karatu, ya fita daga lissafi. Uban sai ya ce to, saura ɗaya, rabi ke nan, fam 40. Ba haka ba ne. Kason yaro ɗaya zai koma, kashi 12, wato fam 60. Dalilin kuwa a bayyane yake: tafiyar yaro ɗaya ba ta raba kuɗin haya biyu, ba ta rage wuta da ruwa da rabi. Tun farko ma ba a ninka kuɗin ba da aka ƙara na biyun.

Girma na sauya wani abu kuma, wato inda yaro ke kwana. Ƙaramin da ba ya rabuwa da uwarsa kan zama matashin da ke yin hutu a gidan babansa, ko ya koma can gaba ɗaya saboda makaranta. Dokoki da yawa na ƙirga wannan. A Birtaniya, in yaro na kwana wajen mai biya dare 52 zuwa 103 a shekara, ana rage kashi ɗaya bisa bakwai na kuɗin, ragin kuma na ƙaruwa yadda dararen suka ƙaru. In riƙo ya juya gaba ɗaya, mai karɓa a da tana iya zama mai biya.

Shari'ar Musulunci ba ta zo da jadawalin shekaru ba, amma ma'aunin da ta kafa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Nafaƙar yaro na kan mahaifinsa, kuma abu biyu ake aunawa: abin da zai ishi yaron bisa yadda aka saba, da ƙarfin uban. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Tunda abin da ke isar yaro na sauyawa da shekarunsa, ƙarfin uba ma na hawa da sauka, adadin da alƙali ya yanke bara ba ya ɗaure hannunsa bana. Akwai ma abin da ke faɗuwa da girma: ladan shayarwa da ake ba uwar da aka saka, wanda ke ƙarewa da yaye, cikakkiyar shayarwa kuwa shekara biyu ce kamar yadda Suratul Baƙara ta faɗa. Kuskure ne uba ya ɗauka faɗuwar wannan ladan ta rage nafaƙar yaron kansa. Haƙƙi biyu ne daban, ɗaya na uwa, ɗaya na ɗa.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. In ba a rubuta hukunci yadda zai hau da kansa ba, to ba zai hau ba sai wani ya nema. Girman yaro hujja ce, amma ba hukunci ba ne. Faransa ta rage wannan matsala ta fuskar tsadar rayuwa, domin alƙalai a can kan ɗaure kuɗin da ma'aunin farashin kayayyaki, a riƙa daidaita shi duk shekara. Amma wannan hauhawar farashi yake bi, ba girman yaro ba. In buƙatunsa sun ƙaru, sai an koma an nemi sabon hukunci. A Amurka, iyayen da shari'arsu ke hannun hukumar kula da ciyar da yara suna da damar neman a sake duba adadin duk shekara uku, ko kafin nan in wani babban sauyi ya auku.

Kuma gyara yakan fara ne daga lokacin da aka shigar da buƙata, ba daga lokacin da buƙatar ta taso ba. Uwar da ta haɗiye shekara huɗu tana cike giɓi da guminta saboda gudun rigima, da wuya kotu ta mayar mata da abin da ya wuce. Takobin nan kuma kaifi biyu gare shi. Uban da ya rasa aiki ya yi shiru, ya rage abin da yake aikawa da kansa, bashi yake tara wa kansa. Dokar tarayyar Amurka tun 1986 ta hana kotu ta koma baya ta rage kuɗin da lokacin biyansa ya riga ya yi. Duk watan da ya wuce ba a biya ba ya zama bashi tabbatacce, komai ƙarfin uzurin mai shi. Wanda zai je neman gyara kuwa ya je da takarda: rasit na makaranta, na asibiti, shaidar albashi. "Yaro ya girma" magana ce da kowa ya yarda da ita, amma alƙali adadi yake rubutawa.

Saura tambayar da iyaye maza suka fi yi: yaushe ake gamawa?

Shekara 18 ta fi zama a bakin mutane, amma ba ko'ina take rufe ƙofa ba. A Birtaniya ana biya har yaro ya kai 16, ko 20 in yana cikakken karatun da bai kai na jami'a ba. A Ostareliya 18 ce, sai dai in yaron na sakandare ana iya neman a ci gaba zuwa ƙarshen shekarar karatu, kuma kafin ya cika 18 ake nema. Yawancin jihohin Amurka na tsayawa a 18 ko gama sakandare, amma New York sai 21. Dokar Najeriya ta 1970 kan shari'o'in aure, wadda ta shafi auren rajista, ta hana kotu ba da umarnin ciyar da wanda ya kai 21 sai da wani dalili na musamman. Dokar Faransa ta faɗa ƙarara cewa wajibcin ba ya faɗuwa don kawai yaro ya zama baligi a doka, ana ci gaba har ya iya tsayawa da ƙafarsa. A Jamus ma haka, har ya gama koyon sana'a ko karatun da ya dace da shi. Sai dai daga 18 abubuwa biyu na sauyawa: yaron ne da kansa mai neman haƙƙinsa, kuma uwa da uba duka ake ɗora wa kuɗi gwargwadon samun kowannensu, don doka ba ta ƙara ɗaukar reno a matsayin kason uwa. Mafi ƙarancin wannan matakin a jadawalin 2025 yuro 693 ne.

A mazhabar Malikiyya ba ranar haihuwa ake kallo ba. Ɗa namiji ana ciyar da shi har ya balaga yana mai lafiyar da zai iya nema, 'ya mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. In yaro ya balaga da wata lalura da ta hana shi nema, nafaƙarsa na nan a kan uba. A kan wannan batu na mai lalura dokoki da yawa sun haɗu da fiƙihu: wanda ba zai iya riƙe kansa ba, shekaru ba sa sallamar iyayensa.

Ko da ranar gamawa ta zo, a wurare da dama ba mai biya ke yanke wa kansa ba. In hukunci bai rubuta ranar ƙarshe ba, ko ya haɗa yara da yawa a kuɗi ɗaya, sai an koma wurin wanda ya yanke shi ya sauke ko ya rage. Bashin da aka tara a baya kuwa ba ya mutuwa da girman yaro. Ana iya bin uba kuɗin shekarun firamare alhali ɗan nasa ya riga ya fara ɗaukar albashi.