Hawan Dutsen Kufena: tambayoyi da amsoshi

Ina dutsen yake?

A Zariya yake, daf da Wusasa, garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi. Kufena na cikin tsofaffin mazaunan Zazzagawa. Gonaki da ƙananan ƙauyuka sun kewaye gindinsa.

Yaushe ya fi kyau a hau?

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A fara da sassafe, a sauko kafin ƙarfe 11. A Maris da Afrilu dutsen kan ɗauki zafi har tafin hannu ba ya iya dafa shi. Da damina kuwa a haƙura: gansakuka na sa shi santsi kamar an shafa sabulu, ga haɗarin tsawa a ƙololuwa.

Me za a riƙa?

Kambas mai taushin ƙasa, ruwa lita 2 ga kowane mutum, hula, da jakar goyo don hannuwa su zama a sake. Silifas dai a bar shi gida.

Sai da igiya?

Ta gefen da ke kwance, ƙafa da hannu sun isa. Fuskar da ta miƙe kamar bango kuwa sai da igiyar hawa mai talewa, ɗamarar ƙugu, hular kwano, da ƙwararren da zai riƙe maka igiyar. Igiyar guga ba ta wannan aikin: ba ta talewa, idan mutum ya suɓuce fizgar a ƙugunsa za ta ƙare, in ma ba ta tsinke ba.

Me ya fi kayar da mutane?

Saukowa. Gwiwa ta gaji, kuma ido ba ya ganin matakin da ke ƙasa. Inda ya yi gangara sosai, juya ka fuskanci dutsen, ka sauko da baya, kana motsa gaɓa ɗaya ukun na dafe. Irin wannan dutse kuma yana ɓare ɓawo kamar albasa. Ƙwanƙwasa kafin ka taka. In ya yi amo kamar ƙwarya, ƙarƙashinsa rami ne. Kada a zura hannu cikin tsaga, gidan maciji ne ko na ƙudan zuma.

Mutanen ƙauyen fa?

A yi wa mai unguwa sallama tukuna: "Ranka ya daɗe, dutse muka zo hawa." Ku nemi ya haɗa ku da matashin da ya san hanya, ku sallame shi da alheri. Kada a ratsa shuka, kada a ɗauki hoton matan gida sai da izini.